Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice: Furojestaron Tsakanin Zuciya da Ƙoda

 Baƙonmu na yau furojestaron ne, sinadarin da aka fi sani da riƙe ciki, alhali hannunsa ya kai zuciya, ya kai jijiyoyin jini, ya kai har ƙoda. A gyara zama, kayan da yawa.

Daga kolestarol jiki ke ƙera shi, kitsen nan da likitoci ke ta yi mana kashedi a kansa saboda toshe jijiyoyin zuciya. Taki biyu kacal ne daga wannan zuwa wancan. Ashe wanda ake ta kuka da shi ma ya haifi ɗa na kirki!

Duk wata, da zarar ƙwai ya fita daga gidansa a jikin mace, gurbin da ya bari sai ya rikiɗe ya zama wani ɗan ƙulli mai ruwan ɗorawa, ya shiga zuba furojestaron cikin jini. In ciki bai shiga ba, bayan kamar mako 2 ƙullin ya shanye, haila ta zo. Wani watan kuma a sake sabon lale.

Ɗan ƙullin nan, duk ƙanƙantarsa, yana cikin sassan jikin da suka fi shan jini in aka auna da nauyinsu, don cikin 'yan kwanaki sababbin jijiyoyi ke tsiro masa ta ko'ina. Ƙarami ne, rabonsa na manya.

Maza, kada ku zame. Ku ma yana yawo a jininku, daga 'ya'yan maraina da kuma adirinal, wasu 'yan ƙulle-ƙulle biyu da ke zaune a saman ƙoda, kuma yawansa kusan ɗaya da na mace a farkon watanta. Malam, da kai ake.

Ƙodojin mutum na tace ruwan jini kimanin lita 180 kullum, amma abin da ke fita a fitsari bai cika wuce lita 1 da rabi ba, sauran duk mayar wa jiki suke yi. Mai ba su umarnin su riƙe gishiri, ruwa ya bi shi, shi ne sinadarin aldostaron. Ku riƙe sunan nan, zai yi ta leƙo mu.

Shi aldostaron ɗin kuwa jikan furojestaron ne, domin a cikin adirinal furojestaron ake sassaƙawa mataki-mataki har a fitar da shi. Kotisol, sinadarin da ke tashi in hankali ya tashi, shi ma ɗan zuriyar ne. Gida ɗaya, kowa da halinsa.

Ga inda abin ya yi daɗi: kakan ne ke tare wa jikan hanya. A jikin ƙoda akwai wani kwaɗo da aldostaron ke buɗewa, furojestaron kuwa makulli ne da ke shiga ramin tsaf, bai buɗe ba, bai kuma fita mai buɗewa ya shiga ba. Sai gishiri ya bi fitsari, ruwa ya rufa masa baya.

A 1955 aka kama shi yana wannan aiki, lokacin da wasu likitoci a Amurka suka yi wa mutane allurarsa, suka ga gishirin fitsarinsu ya ƙaru. Su ma abin ya ba su mamaki. Sinadarin ciki, me ya kai ka ƙoda?

Ita ma ƙodar ba ta zauna haka nan ba. Tana da nata sinadaran da ke sauya wa furojestaron kama ya rage ƙarfi, don aldostaron ya sami wurin aiki ko da kakan ya cika gida. Mai gida ta san yadda take sasanta baƙinta.

A rabin wata na biyu, lokacin da furojestaron ke sama, jiki kan rama ta hanyar ƙara aldostaron. Shi ya sa gwajin aldostaron da ake yi wa mai hawan jini kan iya nuna cuta a jikin mace alhali babu, in ranar ta faɗa wannan tsakanin. Hajiya, ki faɗa wa likita kwanan watanki, yana cikin lissafi.

Mata da yawa na ɗora masa laifin kumburin jiki na gabanin haila. Da aka bi mata wata da watanni suna rubuta yadda suke ji, sai aka tarar kumburin ya fi tsanani a ranar farko ta jini, lokacin da furojestaron ya riga ya sauka ƙasa. A sassauta masa, ba ya nan aka yi.

Bayan fitar ƙwai, zafin jikin mace kan ƙaru da digiri 0.3 zuwa 0.5 a ma'aunin Salshiyos, kuma sai jiki ya ƙara ɗumi fiye da kullum kafin gumi ya tsatso, jijiyoyin fata su buɗe. In uwargida ta ce zafin bazarar nan ya fi damunta a wannan makon, gaskiyarta. A ƙara mata ruwan randa.

Bugun zuciya ma kan ƙaru da kamar 2 ko 3 a minti a waɗannan kwanaki, har agogunan hannu na zamani masu ƙirga bugu suna kama bambancin. Agogo ya riga kalanda sani.

Masu fama da faɗuwar gaba irin wadda zuciya ke ɓallewa da gudu ba zato, an lura abin ya fi taso wa wasunsu a kwanakin gabanin haila. Wadda ke rubuta ranakun da ya taso mata ta rage wa likitan zuciya rabin aiki. Biro da takarda, ba tsada.

Bayan kowane bugu, zuciya na ɗaukar ɗan lokaci ta sake tara lantarkinta, kuma daga balaga wannan lokacin ya ɗan fi tsawo a mata. Istirojin, ɗaya sinadarin na mata, na son ja masa tsawo, furojestaron na gajarta shi, gajartawar nan kuwa kariya ce. Ja-in-ja mai amfani ke nan.

Akwai magungunan da ke ƙara tsawaita wannan lokacin, irin su kwinin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuma cikin mutum 3 da irin waɗannan magunguna suka birkita wa bugun zuciya, kimanin 2 mata ne. Wannan kaɗai ya isa a daina karɓar ragowar maganin maƙwabciya. Jikinta daban, naki daban.

A 2012 an gwada abin a kan zomaye masu larurar gado ta lantarkin zuciya: waɗanda aka ba istirojin sun yi ta faɗuwa matattu, waɗanda aka ba furojestaron suka tsira. A mata masu irin wannan larura ma, haɗarin ya fi yawa a watanni 9 na bayan haihuwa, bayan sinadarin ya sauka. Zomo ya ba da darasi.

Mu ɗan leƙa tarihi. A 1934, a Jamus, sai da aka tara gidan ƙwan aladu 50,000, nauyin kilo 625, kafin a tace miligiram 20 na tsantsar furojestaron. Ko bakin cokali bai rufe ba!

A farkon shekarun 1940 giram ɗaya dala 80 ne, sai aka gano yadda za a haɗa shi daga wata doyar daji ta dazuzzukan Berakurus a Meziko, farashi ya karye. Amma fa a ɗakin gwaji ake wannan juyi, cikin ɗan Adam bai iya ba, don haka mai sayar da man shafawa na doya da sunan furojestaron kuɗinku kawai yake so. A ci sakwara don daɗinta.

Waken suya ma an shigo da shi sana'ar tun 1940, daga wani sinadari da ke cikin mansa, kuma har yau yana cikin abin da masana'antu ke amfani da shi. Nan ma sai an bi ta ɗakin gwaji. Awara dai awara ce.

In aka haɗiye furojestaron haka nan, hanta ke cinye mafi yawansa kafin ya zaga jiki. Sai a 1980 aka fito da dabara a Faransa, aka niƙe shi luƙui aka zuba cikin mai a ƙwanso, kuma wasu kamfanonin man gyaɗa suke sawa. Wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, ya karanta kwali.

Abin da hantar ke mayar da shi kuwa yana taɓa wurin da magungunan barci ke taɓawa a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake cewa a sha da dare. Tun a 1941 aka ga ɓeraye na shemewa da barci in an ɗura musu shi da yawa. Sai da safe, ɓera.

Ganin yadda furojestaron ke tare wa aldostaron hanya ne ya ba masu haɗa magani shawara, suka ƙero sifironolakton mai kama da shi, ya shigo kasuwa a 1959. A 1999 wani gwaji kan mutum 1,663 masu gazawar zuciya mai tsanani ya nuna 'yar ƙwaya ta miligiram 25 ta rage mace-mace da kashi 30 cikin 100. Daga ɗakin haihuwa sai ga shi a ɗakin masu ciwon zuciya.

Sai dai kamannin bai bar shi ba: a gwajin nan, namiji 1 cikin 10 ya yi kukan kumburi ko ciwon nono. Maganin na kuma tara fotasiyam a jini, wanda in ya yi yawa yakan birkita zuciya. Da gwajin jini ake shan sa, ba da ka ba.

Abin ya zagayo: daga sifironolakton aka sake ƙero wani sinadarin tazarar haihuwa, durosifirinon, wanda miligiram 3 nasa ke korar gishiri kamar miligiram 25 na uban. Mai ciwon ƙoda ba nata ba ne, saboda fotasiyam ɗin nan dai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A nan ne mutane ke ruɗewa, kuma ruɗun na da tsada. Furojestaron na jiki daban, 'yan kwaikwayonsa na masana'anta da ake kira furojestin daban, su ma a junansu kowa da inda ya dosa: wani na korar gishiri, wani ko a jikinsa. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Birai sun shaida. A 1997 a Amurka, an ba birai mata istirojin tare da furojestaron na asali, jijiyoyin zuciyarsu suka ƙi shaƙewa da aka tsokane su, amma waɗanda aka haɗa musu da wani furojestin sai jijiyoyin suka damƙe. Biri ya yi kama da mutum, har a jijiya.

Shekara 2 kafin nan, a 1995, gwaji kan mata 875 da haila ta ɗauke musu ya nuna na asalin ya fi barin kitse mai amfani ya yi yawa a jini. Sai a 2002 aka dakatar da wani babban gwaji na mata 16,608 tun wa'adinsa bai cika ba, don haɗin istirojin da wancan furojestin ya ƙara ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da gudan jini. Tun daga ranar aka daina raba haɗin da sunan rigakafin zuciya.

A wajen tazarar haihuwa, istirojin ɗin da ke cikin ƙwaya mai haɗi biyu shi ne babban mai jawo gudan jini da ɗaga hawan jini. Shi ya sa mai hawan jini, ko mai shan taba da ta haura 35, akan karkatar da ita zuwa mai furojestin zalla, kamar ɗan tsinken da ake sawa a damtse. A auna jini tukuna, sannan a zaɓa, kuma kan teburin kemis ba wurin wannan shawara ba ne.

A jini, furojestaron ba ya daɗewa, 'yan mintoci ne hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da ragowar a fitsari. Zubowarsa ma tsit-tsit ce, har yawansa kan ninka sau 8 cikin minti 90. Gwaji ɗaya bai isa a yanke wa mace hukunci ba.

Ƙoda in ta gaza, ƙwai kan daina fita, furojestaron ya yi ƙasa, shi ya sa ciki ke wuya ga masu wankin ƙoda. In aka yi dashe kuwa, cikin watanni al'ada kan dawo, kuma tun a 1958 wata mata a Amurka da 'yar tagwaicinta ta ba ta ƙoda ta haihu lafiya. Kyauta ɗaya, rai biyu.

Da shekaru suka doshi 45 zuwa 55, furojestaron ne kan fara ja da baya kafin istirojin, saboda watannin da ƙwai ba ya fita suna yawaita. Bayan nan jinin mata kan fara hawa, gishiri ya fi yi musu illa, ciwon zuciya ya biyo su da ratar shekara 7 zuwa 10 a bayan maza. Iya, a rage dunƙule a miya.

Mu shiga garke. Akuya na dogara da ɗan ƙullin nan mai ruwan ɗorawa tun daga farkon cikinta har ƙarshen wata 5, tunkiya kuwa daga wajen kwana 50 mabiyiya ta karɓi aikin. Turke ɗaya, tsari biyu.

Taguwa in ta ɗauki ciki, kamar mako 2 bayan barbara, da amale ya matso sai ta ɗaga wutsiya ta nannaɗe ta sama. Makiyayan raƙuma sun daɗe da sanin wannan, masu bincike kuma suka tarar alamar na tafiya da hawan furojestaron a jininta. Gwajin ciki kyauta, a tsakiyar sahara.

Goɗiya kuwa, a watannin ƙarshe na cikinta furojestaron kusan ɓacewa yake daga jini, wani ɗan'uwansa na kusa ke riƙe cikin. Giwa ma da wannan ɗan'uwan take ɗaukar nata cikin na wata 22. Manya da nasu tsarin.

Karya ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, furojestaron ɗinta na zama a sama kusan wata 2, har wata ta yi nono ta gyara makwanci ba ɗan kwikwiyo ko ɗaya. Wannan dogon zama kan sa mahaifarta ta tara mugunya, dafin ya taɓa ƙoda, sai a ga tana ta shan ruwa tana ta fitsari. Mafarauta, wannan ta likitan dabbobi ce, da gaggawa.

Nonon saniya ma na ɗauke da furojestaron, ya fi taruwa a mai, kuma da shi ake gane wadda barbara ba ta kama ba bayan kamar mako 3. Ƙwarya ta tona asirin garke.

Yanzu ga babban fage, wato ciki. Tun kafin a san ko ƙwan zai kama, a rabin wata na biyu, jijiyoyin mace kan ɗan saki, ƙoda ta ƙara tacewa, tamkar an fara shirin baƙo. Ko ya zo ko bai zo ba, an share gida.

Daga mako na 7 zuwa na 10 mabiyiya ke karɓar aikin, ta yi ta ƙarawa har ta kai kimanin miligiram 250 a rana gab da haihuwa, ninki 10 na abin da ƙullin ke bayarwa. Kolestarol ɗin da take aikin da shi daga jinin uwa take ɗiba, shi ya sa nasa awon kan hau ga mai ciki. Kada a firgita, oda ce aka bayar.

Furojestaron na sassauta naman da ke zagaye da jijiyoyin jini, ta hanyar rage shigar kalsiyam cikinsa, sai hanya ta faɗaɗa. Shi ya sa awon jini kan sauka a tsakiyar ciki, mace ta miƙe tsaye da sauri ta ji jiri. A tashi a hankali, ba inda tsakar gida za ta je.

Ba shi kaɗai ke aikin ba, a ba kowa haƙƙinsa. Matan da aka dasa wa ɗan tayi a watan da ba su da ƙullin nan, ko an cika su da furojestaron, an ga hawan jinin ciki ya fi kama su, kuma ana danganta hakan da rashin rilaksin, wani sinadarin da ƙullin ke bayarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ruwan jini kan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, jajayen ƙwayoyin jini kuwa da 20 zuwa 30 kawai, sai jinin ya tsinke. Dalilin jan maganin nan da ake bayarwa a wurin awo ke nan. A sha, kada a jibge a ƙarƙashin katifa.

Zuciyar da ke tura kamar lita 5 a minti sai ta koma tura wajen 7, bugunta ya ƙaru da 10 zuwa 20, mahaifa kuma ta tura ta sama ta ɗan karkace hagu. Mafi yawan masu ciki, in likita ya sa abin sauraro, zai ji ɗan shuu na gudun jini wanda ba cuta ba ne. Mai tagwaye kuwa, a ƙara mata sannu.

Mahaifar da a da jinin da ke ratsa ta bai fi mililita 50 a minti ba, gab da haihuwa yakan haura 500. Wannan ne ya sa zubar jini bayan haihuwa ba ya jiran a nemo mota da safe. A tanadi abin hawa tun cikin na wata 8.

Wata mace ba ta san zazzaɓin ciwon gaɓoɓi na yarinta ya ƙuntata mata wata ƙofar zuciya ba, sai ciki ya ƙaro jini ƙofar ta kasa ɗauka. Haki in an kwanta, tari cikin dare, dole sai an jingina da matasai kafin a yi barci: wannan ya wuce laulayi. Asibiti, yau ba gobe ba.

Ƙoda kan ƙara tacewa da kusan rabi, har tsawonta ya ƙaru da kamar santimita 1. Don haka kiriyatinin, dattin da ake auna lafiyar ƙoda da shi, kan sauka, kuma adadin da ke daidai ga kowa na iya zama alamar matsala ga mai ciki. Ma'auninta daban ne.

Saboda yawan tacewar, ɗan sukari kan tsallake ya fito a fitsarin mai ciki ko ba ta da ciwon sukari. Jini ne ke raba gardama. Kiyashi ba likita ba ne.

Bututun da ke sauke fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara shi ma furojestaron na sa shi ya saki, mahaifa kuma ta danne shi, musamman na dama, don can take karkata. Fitsari in ya kwanta ƙwayoyin cuta sun sami wurin zama, su haura har ƙoda, wani lokacin ba zafi ba raɗaɗi a farko. 'Yar kwalbar fitsarin nan ta ranar awo ba ɓata lokaci ba ce.

Aldostaron kan ninka sau da yawa a lokacin ciki, adadin da a jikin wani zai kwashe masa fotasiyam ya haura da jininsa. Mai ciki kuwa lafiya lau, don kakan na nan zaune a ramin kwaɗo. Tsoho mai ran ƙarfe!

Duk da haka jiki kan tara ruwa lita 6 zuwa 8 kafin haihuwa, shi ya sa takalmi ke matsewa da yamma. Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma in fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, magana ta canza. Zobe ya ƙi fita? A nemi ma'auni.

Sakin jijiyoyin nan da na sauran naman ciki shi ke kawo jerin ƙorafin da aka sani: jijiyoyi su yi ruɗu-ruɗu a ƙafa, basir ya motsa, hanci ya toshe ba mura, dasashi ya yi jini, ƙwannafi ya hana barci. Ba raki ba ne, maigida. A yi ta sannu.

Kwanciya rigingine a watannin ƙarshe kan sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri da gumi. Juyawa ɓangaren hagu kawai, jini ya ci gaba da tafiya. Magani ba ko kwabo.

Furojestaron na zuga cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa, mai ciki ta riƙa jan iska da zurfi, har iskar da jiki ke fitarwa ta sauka a jininta daga 40 zuwa wajen 30 a ma'aunin likitoci. Don kada jini ya karkata, sai ƙoda ta zubar da bayikabonet, ɗan'uwan kanwa, ta daidaita lissafi. Huhu ya ja, ƙoda ta saki.

Can a tsaunukan Andis na ƙasar Peru, inda iska ta yi ƙaranci, akwai ciwon da ke sa jinin mazauna ya yi kauri har zuciya ta wahala. Ya fi kama maza, mata kuwa sai bayan haila ta ɗauke, kuma ana ganin zugar numfashin nan na cikin abin da ke kare su. Kariya har kan dutse.

A 1973 aka nuna cewa jijiyoyin mai ciki lafiyayya na yin kunnen ƙashi ga anjiyotensin, sinadarin da ke matse su, sai an ba ta da yawa kafin jininta ya motsa. Waɗanda hawan jinin ciki zai kama kuwa, makonni kafin ya bayyana suke rasa wannan taurin kai. Wani taurin kan rahama ne.

Hawan jinin nan, 140 bisa 90 ko fiye bayan mako na 20, tare da furotin a fitsari, shi ne kan kai ga jijjiga, kuma yana taɓa ciki 2 zuwa 8 cikin 100. An gwada furojestaron a matsayin rigakafinsa, bai nuna ya iya ba, amma ƙaramin asfirin da kalsiyam bisa umarnin likita na taimakon masu haɗari. Jijjiga ba iska ba ce, hayaƙi ba ya sauke ta.

A 2000 aka gano wani dangi da ƙwayar gadonsu ta sauya wa kwaɗon nan na aldostaron siffa da ɗigo ɗaya tak, sai furojestaron ya koma buɗe shi maimakon toshewa. Matan gidan da sun yi ciki jininsu ya yi sama, kuma sifironolakton da ke sauke na kowa, nasu ƙara shi yake. Ikon Allah sai kallo.

Akwai jariran da ake haifa hanyar sassaƙa furojestaron zuwa aldostaron ta toshe musu, sai su yi ta zubar da gishiri, a mako na 2 ko na 3 a ga amai da rama da bushewa. In toshewar a wata mahaɗar take kuwa, akasin haka ake samu, jiki ya tara gishiri, hawan jini tun ana ƙuruciya. Jaririn da ke amai yana ramewa, a kai shi a duba.

A tunkiya da akuya, sai furojestaron ya faɗi a jini naƙuda ke tashi. A ɗan Adam kuwa yana nan a sama har a haihu, mahaifa ce kawai ke daina sauraronsa. Lokaci in ya yi, ba a neman izini.

Kowace murɗawar naƙuda na matso jini mililita 300 zuwa 500 daga mahaifa zuwa zuciya, kuma nauyin ya fi yawa a sa'o'in farko bayan haihuwa. Barka da arziki ta cancanci zuciya ma.

Da mabiyiya ta faɗo, cikin 'yan kwanaki furojestaron ya sauka ƙasa warwas, faɗuwar nan ce kuma ke buɗe wa ruwan nono hanya a kwana na 2 zuwa na 4. In guntunta ya maƙale a ciki, nono kan yi jinkiri. Kafin nan ga dakashi, a ba jariri kayansa.

Ruwan da aka tara wata 9 kuwa ƙoda ce ke kwashe shi, har mai jego kan yi fitsari lita 3 a rana, ga gumi cikin dare. Aikin kwana da kwanaki ne. A bar ta ta yi.

To, a daidai wannan gaɓar ake miƙo kunun kanwa, ita kuwa kanwa gishirin sodiyam ce, irin wanda ƙodar ke fama ta fitar. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun ba da rahoton gazawar zuciya ga kusan mai jego 1 cikin 100, suka zargi kanwa, wankan jego da ruwa mai ƙuna, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Adadin ya girgiza likitocin zuciya har ƙasashen waje.

Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwan ya fi nuna yatsa ga talauci, rama, ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jinin ciki. Kowanne ya fi nauyi, zuciyar da ta yi wata 9 tana aikin mutum ɗaya da rabi ba ta neman ƙarin gishiri. Gwaggo, a sassauta hannu wajen jiƙa kanwar, a ƙara mata nama da ƙwai.

Jinin mai jego ya fi hawa ne tsakanin kwana na 3 da na 6 bayan haihuwa, lokacin da an sallame ta, gida ya cika da 'yan barka, hankalin kowa na kan ragon suna. Jijjiga na iya zuwa a wannan makon ko da an haihu lafiya. Maigida, kafin ka tafi kasuwar raguna, kai ta a auna mata jini.